Ga Masu Tasowa Daga Sakkwato: Takardar Da Yaro Ke Dawowa Da Ita Cikin Jaka

Likitoci da malaman jami'a na ta tasowa daga Sakkwato zuwa Ingila da iyalansu, kuma alhamdu lillahi jama'armu a nan ba ta barin baƙo ya kwana a tasha. Rigar sanyi da katin bas, mako guda ya isa ku gane kansu.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne takardar makaranta. Yaro ya kawo ta a nannaɗe cikin jaka, ana neman sa hannu za a kai ajinsu zauren kiɗa. Maigida na jin kalmar kiɗa sai ya ce Allah ya kiyaye, ya jefar da ita, bai ko tambaya ba. Haba 'yan uwa! Ba gidan rawa ba ne, babu liƙi, babu tiƙar rawa. Littafin yara mai hotuna ake ɗauka, mutum guda ya tsaya yana karanta labarin, makaɗa na bayansa da goge manya da ƙanana, da sarewa, da ƙaho. Tatsuniya ce irin ta kaka bayan sallar isha'i, sai dai kayan kiɗa ne ke yin muryar dabbobin. Akwai labarin ɗan giwa Babar, wanda Jean de Brunhoff ya fitar a Faransa a 1931, daga baya Francis Poulenc ya tsara masa kiɗan fiyano. Akwai na yaro da kyarkeci da Prokofiev ya tsara a Mosko a 1936, inda sarewa ce tsuntsu, ƙaho kuma kyarkeci.

'Yar maƙwabcina, shekararta shida, an bar ta a wani aji tana fenti, ta taga take hango ƙawayenta na shiga mota. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Uban da ya ji yadda abin yake, jikinsa ya yi sanyi.

Wanda ke da uzurin addini, ina girmama shi, amma ya taka ya sami malamar ajin su yi magana. Ku sani kiɗa na cikin manhajar ƙasar daga shekara 5 zuwa 14, kuma damar da doka ta ba iyaye ta cire yaro daga darasin addini ba ta shafe shi ba. Kuɗin da ake rubutawa a takardar gudummawa ce, ba a hana yaro tafiya don ba a biya ba.

Katin laburare kyauta ne. Ki aro littafin, Hajiya, ki ba yaronki labarin da Hausa kafin ranar.