Yadda za ku haɗa ekspoze kan gidan sarautar Konyak

Yan uwa yan lakwal na Maradi, ƙanena ne mushensu ya ba shi ekspoze kan tarihin gidan sarautar Konyak, wani gari na Faransa da wata barasa ta ci sunansa, ya dawo gida ransa a ɓace wai an haɗa shi da zancen barasa. Na ce mai tsaya, mu dai ba ma shanta kuma addininmu ya hana, amma tarihin gidan tarihin fatauci ne, mu kuwa Maradawa fatauci ai gadonmu ne. Ga yadda muka yi.

Da farko ku ajiye zancen kwalba ku buɗe taswira ku nemo kogin Sharant, gidan a bakinsa yake. Tun kafin barasa gishiri ne arzikin garin, jiragen ruwa na kwaso shi daga bakin teku suna shigowa da shi cikin ƙasa, kamar dai yadda ayarin raƙuma ke sauko muna da kantu daga Bilma. In kuka fara da wannan ajin zai saurare ku.

Sai ku rubuta shekaru kaɗan a kaye, kar ku cika. A gidan aka haifi Faransuwa na Ɗaya ran 12 ga Satumba 1494, ya hau sarautar Faransa 1515. Da juyin juya halin Faransa ya zo aka karɓe gidan aka sa shi a kasuwa, sai Baron Otard, wani ɗan kasuwar barasa, ya saye shi a 1796. To nan ne za ku daɗe, ku tambayi ajin mi ya sa ɗan kasuwa zai sayi tsohon gidan sarki? Amsar tana ɗakunan ƙasa, bangonsu ya kusa mita 3 kauri ga raɓar kogi kullum, sanyi ba ya canzawa rani da damina, kuma abin da tano, wato gangar katako, ke so kenan tunda sai barasar ta kwana aƙalla shekara 2 a ciki bayan an dafa ruwan inabin sau biyu a tukunyar jan ƙarfe. Ƙanena da ya ji haka ya ce ashe kamar randar Inna ce da ke bayan ƙyaure, na ce rubuta hakan, wallahi ya fi duk wani dogon Faransanci.

Ku nemi hoton bangon garin ku nuna, baƙi ƙirin kamar na madafa, wata irin hunhuna ce ke rayuwa da tururin da ke fita daga tano.

Kar ku mance da ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin inabi wajen shekarun 1870, duk manomin da ya ga fara ta sauka kan hatsinsa ya san zafin nan. Ku rufe da 1909, shekarar da gwamnati ta shata iyakar yankin da ke da ikon amfani da sunan Konyak. Minti goma sun isa, ku maimaita sau biyu a gida kafin ku tsaya gaban tablo.