Yadda ake gano sabbin mawaƙan rok tun ba su yi suna ba, da shirya na'urar sauraronsu

Kiɗan da ake kira alternative rock a bayan fage ya tashi. A shekarun 1980 gidajen rediyo na jami'o'in Amurka da ƙananan kamfanonin faifai ne suka raine shi, lokacin da manyan tashoshi ko kallo bai ishe su ba. Nirvana ta fitar da kundinta na farko a 1989 a hannun Sub Pop, wani ƙaramin kamfani na birnin Seattle, sai a 1991 duniya ta san da zamanta. Har yau haka abin yake tafiya. Ƙungiyar da za ta yi tashe baɗi tana nan yanzu tana wasa a ɗakin da bai wuce cin mutum 150 ba. Wanda ya zauna jiran Spotify ko YouTube su kawo masa ita zai ji ta ne bayan kowa ya ji, domin waɗannan manhajoji da abin da jama'a suka riga suka saurara suke lissafi, kuma waƙar da mutum 300 kaɗai suka taɓa ji ba ta bar sawun da na'ura za ta bi ba. Sawun mutane ake bi.

Fara da kundin da ka riga ka sani

Ɗauki kundi ɗaya da kake so ƙwarai, ka nemo shi a Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan kundayen waƙa, ka rubuta abu uku: kamfanin da ya fitar da shi, furodusan da ya haɗa sautin, da garin da mawaƙan suke zaune.

Kamfani shi ne hanya mafi sauƙi. Ƙaramin kamfani ba ya ɗaukar ƙungiya sai masu shi sun ji ta da kunnensu, don haka jerin kundayensa tamkar zaɓin mutum ɗaya ne mai ɗanɗano. Sub Pop, Matador da Merge a Amurka, da 4AD, Rough Trade da Domino a Ingila, duk suna sanar da sabbin waɗanda suka ɗauka. Amma waɗannan sun riga sun zama manya a cikin ƙanana. In kana son ka riga mutane, duba wanda ya fitar wa ƙungiyar da waƙarta ta farko kafin ta kai ga Matador ko Domino. Sau da yawa za ka tarar wani kamfani ne na mutum ɗaya ko biyu mai buga kaset ko ƙaramin faifai 'yan ɗaruruwa. Shi za ka bi.

Furodusa kuwa ya fi kamfani nuna irin sautin da za ka ji. Dan Carey na Landan misali ne: hannunsa na cikin kundayen farko na Fontaines D.C., black midi da Wet Leg, kuma yana da kamfaninsa, Speedy Wunderground, wanda ya yi suna da ɗaukar waƙa a gama ta a yini guda. Wanda ya riƙa duba abin da ke fitowa daga ɗakin ɗaukar sautinsa ya ji ƙungiyoyi da dama tun suna ƙanana. A Discogs, danna sunan furodusa zai buɗe maka duk aikin da ya yi, ka jera su daga sabo zuwa tsoho.

Bandcamp da dabarar bin masu saye

A nan ne yawancin ƙananan ƙungiyoyi ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye. Kada ka rubuta alternative rock kawai a wurin nema, kalmar ta yi faɗi har ba ta tace komai. Rubuta reshen da kake so: post-punk in kana son bas a gaba da murya mai kama da magana, shoegaze in kana son jita mai kauri da ta lulluɓe murya, ko slowcore, ko noise rock. Sannan ka haɗa da sunan gari, kamar Dublin, Melbourne, Philadelphia ko Leeds, ka zaɓi sabbin fitowa maimakon waɗanda aka fi saye.

Dabarar da ta fi amfani ita ce wannan. A ƙarƙashin hoton kowane kundi akwai ƙananan hotunan mutanen da suka saye shi. Danna ɗaya, za ka ga duk abin da mutumin ya taɓa saye. In kundin da ka fara da shi mutum 60 kaɗai suka saya, waɗannan 60 masu tono ne irinka. Buɗe guda 10, ka lura da sunan da ya maimaitu a wajen mutum uku ko fiye, alhali ba ka san shi ba. Wannan ya fi duk wani jerin da na'ura ta haɗa, tunda wanda ya cire kuɗinsa ya saya ya fi wanda waƙa ta wuce ta kunnensa yana wanke-wanke. In ka sami mai saye wanda zaɓinsa ke dacewa da naka, bi shi, shafin zai riƙa nuna maka sayayyarsa.

Takardar sanarwar wasa daga ƙasa ake karanta ta

Sunayen da aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman sanarwar biki kowa ya san su. Sauka layin ƙarshe inda rubutu ya ƙanƙance. Bukukuwa biyu sun fi dacewa da wannan aiki: SXSW a Austin ta jihar Texas a watan Maris, da The Great Escape a Brighton ta Ingila a watan Mayu. Ba sai ka je ba, jerin sunayen kawai kake buƙata. Haka kuma duk ƙungiyar da kake so in ta fita rangadi, duba waɗanda ke buɗe mata fage, domin galibi ita ta zaɓe su.

A rediyo, KEXP ta Seattle tana sa wasannin da aka yi kai tsaye a ɗakinta a YouTube. BBC Introducing, wanda aka fara a 2007, da triple j Unearthed na Ostiraliya, dukansu don mawaƙan da ba su kai ko'ina ba aka kafa su.

Wasan kai tsaye shi ne ma'auni. A ɗakin ɗaukar sauti ana iya gyara muryar da ta kauce da gangar da ta yi jinkiri, a kan dandamali kuwa babu wurin ɓuya. Kafin ka sayi kundi, nemi bidiyon wasansu ko da wanda aka ɗauka da waya ne, ka saurari mai ganga da mai bas ko suna tafiya tare. Wannan binciken yana kuma raba ka da na bogi: sunan da ke da sauraro dubu ɗaruruwa amma babu ranar wasa ko ɗaya a Songkick ko Bandsintown, shafukan da ke jera ranakun wasanni, babu hoton mutane a dandamali, to ko sayen lambobin aka yi, ko kwamfuta ce ta haɗa waƙar.

Kada ka tara fiye da kundi 5 a mako. Irin wannan kiɗa sau da yawa ba ya shiga a jin farko, sai na uku, kuma daga farko har ƙarshe. A nan na'urar sauraro ta musamman irin iPod ke da rana: babu kira, babu saƙo, babu manhajar da za ta tsallaka da kai zuwa wani abu.

Zaɓen na'ura

Apple ta daina yin iPod a 2022, amma Sony, FiiO, Shanling, HiBy da Astell&Kern suna nan suna ƙera na'urori. Iri biyu ne. Masu Android suna ɗaukar manhajoji da intanet, sai dai sun fi cin batir da nauyi, kuma in Android ɗin ya tsufa manhajoji kan daina aiki. Masu sauƙin tsari fayil kawai suke karantawa, ƙanana ne, sun fi riƙe caji. Ga mai sayen kundaye yana saukewa, na biyun ya wadatar.

Abin dubawa kafin saye: ramin katin microSD da iyakar girman da yake karɓa, karanta FLAC (nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci), maɓallan da ake dannawa da hannu ba sai an kunna allo ba, da iya haɗa waƙa da waƙa ba tare da tsayawa ba. Wannan na ƙarshe ana yawan manta shi, alhali kundayen rok da yawa ana barin ƙugin jita ya zarce daga waƙa zuwa ta gaba, kuma na'urar da ke saka shiru na rabin daƙiƙa a tsakani tana yanke abin da aka yi da gangan. Awannin batir da kamfani ya rubuta kuwa yawanci da allo a kashe da ƙarar matsakaici aka auna, ka rage kaɗan a lissafinka.

In za ka yi amfani da iyafis mai shiga cikin kunne, duba turjiyar mafitar sauti da ake aunawa da om. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar iyafis ɗin: mai om 16 yana son mafita mai om 2 ko ƙasa. In ta wuce, bas kan kumbura ko sautin sama ya dushe. Wasu na'urori suna da rami biyu, na milimita 3.5 da na 4.4. Kada ka sa mahaɗi ka cusa iyafis mai wayar 3.5 a ramin 4.4. Wayoyin cikinsu ba iri ɗaya ba ne, haɗin kan gama layuka biyu da bai kamata su taɓa juna ba, yana iya ƙona na'urar.

Fayil da katin memori

A Bandcamp sauke FLAC ka ajiye a kwamfuta a matsayin uwa, daga shi za ka iya fitar da kowane iri. MP3 mai 320 kbps yana cin megabait 2.4 a minti, wato kundi mai minti 40 kusan megabait 96 ne. Kundin nan a FLAC mai ingancin CD zai kai 250 zuwa 300, domin rok mai cunkushewar jita ba ya matsuwa sosai. Kati mai gigabait 128, wanda kwamfuta za ta nuna maka kusan 119, zai ɗauki kundi wajen 400 na FLAC ko sama da 1,200 na MP3. Fayil mai bit 24, wanda ya wuce ingancin CD, ɓarnar wuri ne ga waƙar da aka ɗauka a gareji, kuma in ta Bluetooth kake ji, ko LDAC, tsarin aika sauti ta Bluetooth da ke kaiwa 990 kbps, sai ya matse sautin.

Kati mai gigabait 32 ko ƙasa da tsarin FAT32 yake zuwa, mai 64 zuwa sama da exFAT. Tsofaffin na'urori da yawa ba sa gane exFAT, shi ya sa sabon kati ke nuna babu komai a ciki. Maganin shi ne a goge katin a cikin na'urar kanta in tana da wannan zaɓi, ko a mai da shi FAT32 a kwamfuta. Kafin ka zuba komai, gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin girman kati. Katin jabu yana nuna 256 alhali cikinsa bai wuce 16 ko 32 ba, zai yi ta karɓar fayil yana taka na baya, ba za ka sani ba sai waƙoƙi sun fara ƙin buɗewa.

Matsalar da ta fi addabar mai tara waƙoƙin ƙananan ƙungiyoyi ita ce bayanan da ke cikin fayil, kamar sunan waƙa da na mawaƙi, tunda su da kansu suke cikewa. Manhajar MusicBrainz Picard na gyara na waɗanda aka sani, amma sabuwar ƙungiya ƙila ba ta shiga rumbunsa ba tukuna, sai ka yi da hannu a Mp3tag. Cike gurbin mai kundi da suna ɗaya a duk waƙoƙin, in ba haka ba waƙar da aka gayyato baƙo a ciki za ta ware ta zama kundi daban. Lambar waƙa ka rubuta 01, 02, har zuwa 10, domin wasu na'urori suna sa 10 a gaban 2. Hoton bango ka rage shi zuwa 600 sau 600 a JPEG na gama-gari. Babban hoto yana sa na'ura jan ƙafa, kuma wasu ba sa buɗe JPEG mai bayyana a hankali. A MP3, ajiye bayanan da tsarin ID3v2.3, shi tsofaffin na'urori suka fi ganewa. Masu kwamfutar Mac za su ga kowace waƙa ta fito sau biyu, ɗaya da ɗigo da layi a farkon sunanta ba ta kuma buɗewa. Ragowar fayilolin Mac ne, umarnin dot_clean yana share su.

Ƙarar kundayen nan ba ta daidaita: wani an haɗa shi a ɗakin kwana ya fito a hankali, wani an matse shi har ya cika kunne. Bi da su ta ReplayGain, tsarin daidaita ƙara, a manhajar foobar2000, ka zaɓi daidaitawa ta kundi idan kundi kake ji, don waƙar da aka so ta yi sanyi ta zauna da sanyinta. Ba ya taɓa sautin, lamba kawai yake rubutawa a fayil, amma sai na'urar ta san karanta ta. Wannan yana kare kunne ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Iyafis mai toshe hayaniyar waje da kyau yana sa ka ji komai ba tare da ka ƙure ƙara ba.

A katin, buɗe folda guda ta sabbin shiga. Duk kundin da ka sauke nan zai fara zama, in ya sha ji uku ya koma babban rumbu ko a cire shi daga katin, uwar tana kwamfuta. Wanda ya tsira kuma, koma Discogs ka rubuta kamfaninsa da furodusansa da garinsu.