Yadda shugabar ƙungiyar ajiya da rance za ta samu amincewar mambobinta

A shekarar 1991 ne ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, inda mata ke zuba kuɗi duk mako suna ba juna rance. A yau irin wannan ƙungiyar ajiya da rance kan ɗauki mutum 15 zuwa 25. Zargi yana iya rusa ta, ko da ba a ci ko sisi ba. Saboda haka aikin shugaba shi ne ta tsara komai yadda kowace mamba za ta gani da idonta.

Da farko ta cire hannunta daga kuɗi. A zaɓi kwamitin mutum biyar: shugaba, marubuciya, mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. A sa wa akwatin ƙarfe kwaɗo uku, makullan kuma su zauna a hannun mata uku da ba sa cikin kwamitin. Kada ukun nan su fito daga gida ɗaya ko dangi ɗaya. Duk gaskiyarsu, ranar da lissafi ya yi gardama za a ce sun haɗa baki.

Sannan ba a buɗe akwati sai a gaban taro, kuma a nan ne shugabanni da yawa ke tuntuɓe. Wata za ta zo da dare da uzurin rashin lafiyar yaro, tausayi ya sa a ba ta rance a ɓoye. Gobe labari ya fita, kowa ta ce ashe akwai 'yan lele. Don irin wannan ake ware asusun taimako, wanda kowa ke zuba wa ɗan kuɗi daidai wa daida, kuma shi ma taro ne ke yanke hukunci a kansa.

Kafin a rufe akwati, masu ƙirga su faɗi jimilla da babbar murya, mambobi su maimaita. Mako mai zuwa shugaba ta tambayi taro nawa aka bari, sannan a buɗe a ƙirga. Kowace mamba tana sayen hannun jari ɗaya zuwa biyar a zama guda (hannu ɗaya shi ne adadin kuɗin zubi da ƙungiya ta tsayar), ana buga mata hatimi ɗaya a littafinta kan kowane hannu, don wadda ba ta karatu ma ta iya ƙirga nata.

Dokar rance a bayyane take: bai wuce ninki uku na ajiyar mutum ba, a biya cikin wata uku. Batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance kuwa, a warware shi tun ranar rubuta dokoki, a nemi fatawar malami in ana shakkar riba.

Shugaba ta bi layi kamar kowa. In ta makara, ita ce farkon mai biyan tara, ba sai an tuna mata ba. In ƙanwarta ce ta kasa biyan bashi, ta bar wata daga kwamiti ta jagoranci maganar. Mai bashi kuma a fara ganinta a keɓe, a ji dalili, a tsayar da ranar biya, sannan a sanar da taro abin da aka cimma.

Bayan wata 9 zuwa 12 a karɓo duk basussuka, a raba kuɗin gwargwadon hatiman kowa, a sake zaɓen kwamiti ta hanyar jefa tsakuwa a ɓoye, don kada kunya ta hana wata zaɓar wadda take so.