Yadda za ka saurari Ɗan Maraya Jos har maganarsa ta zauna maka a rai

Ni dai abin da na lura, yawancinmu kiɗan Ɗan Maraya muke ji ba maganarsa ba, a kunna shi a mota ko a shago ana hira ana ciniki, sai mutum ya ce ai ya san waƙar. Wallahi da saura.

Da farko ka nemo cikakkiyar waƙar, ba guntun da ake yankowa a ɗora a TikTok ba, ka sa iyafis bayan isha'i lokacin da gida ya yi tsit. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, kuma mutumin ba shi da 'yan amshi, to ka ga babu hayaniyar da za ta danne maganar. Jin farko ka bar ta ta wuce kawai. A na biyu sai ka bi muryoyin, don in yana waƙar aure ko ta gulma shi kaɗai yake zama miji ya zama mata ya zama magulmaci, sai ka riƙa tambayar kanka yanzu wa ke magana, wa ake cuta, kafin ka ankara ka ga ashe gidanku ake faɗa, ko ma kai ɗin ne.

Ka kuma riƙe tarihinsa a rai. An haife shi a Bukuru a 1946, uba ya rasu uwa ta bi yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi. Shi ya sa da ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke daka wa tsawa a tasha, za ka ji ya san zafin rashin gata daga ciki.

Duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta, ka kai wa wani dattijo. Gara ma ka kunna masa waƙar gaba ɗaya ka yi shiru. Bayan rasuwar Ɗan Maraya a 2015 na kunna wa Baba ta karen motar, bai ce uffan ba har ta ƙare, sannan ya shiga ba ni labarin shekarun da ya yi yana bin mota tsakanin Jos da Kano, labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba sai ranar.