Yadda za ka yi musun kuɗin kulob a gidan kallo ba tare da an ƙure ka ba

Duk ranar da aka tada zancen cire maki a gidan kallo sai ka ji wani ya ce ai Man United ma bashi ne a kanta har wuya, me ya sa ita ba a taɓa ta. To tun daga nan ake ɓata hanya, don haka fara raba bashi da asara. Dokar Firimiya da ta kama Everton a 2023, a lokacin ba bashi take ƙirgawa ba, asara take dubawa, wato kar kulob ya yi asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. Bashin United tun 2005 yake, iyalan Glazer suka ciyo shi suka sayi kulob ɗin sannan suka ɗora masa, abin takaici ne wallahi amma in dai kuɗin shiga na ɗaukar kuɗin ruwan to doka ba ta kama ka.

Sai ka riƙe lissafi a ka. Everton maki 10 aka cire mata a Nuwamban 2023, ta ɗaukaka ƙara ya dawo 6, a Afrilun 2024 aka ƙara zare 2. Nottingham Forest 4 ne a Maris ɗin 2024, kuma su iyakarsu ma fam miliyan 61 ce don shekara biyu cikin ukun suna Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya. Su ne suka fi ban tausayi, sun ƙi sakin Brennan Johnson da araha suka jira har Satumban 2023 Tottenham ta biya fam miliyan 47.5, amma shekarar lissafi ta rufe tun 30 ga Yuni, kuɗin bai shiga inda suke buƙatarsa ba.

In an jefo maka Chelsea, cewa ta kashe kuɗi da yawa wajen sayen 'yan wasa amma ba a cire mata maki ba, ka yi bayanin cewa kuɗin ɗan wasa raba shi ake a littafi gwargwadon shekarun kwantiragi, shi ya sa suka ba Enzo Fernandez shekara takwas da rabi, har UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara 5 a 2023.

Maganar Man City kuwa ka yi a hankali, kar ka ce an kama su. Tuhuma 115 aka yi musu a Fabrairun 2023 kuma sun musanta. In adalci kake so ka kama to ka kama ta wajen lokaci, Everton da Forest an hukunta su ana tsakiyar kaka suna fafutukar kar su faɗa ƙasa, ita City ba a fara sauraron shari'arta ba sai Satumban 2024. Ɗan City zai ce maka nasu daban ne, zargin ba da bayanan kuɗi marasa gaskiya ne tun daga 2009 zuwa 2018 ba kawai wuce iyaka ba, kuma yana da gaskiya a nan ka yarda masa. Sai ka tambaye shi to magoya bayan da aka zare wa maki nan take wa zai biya su wannan jiran.