Yadda ake gina shago a Damagaram ba tare da an shafa wa bango jan fenti ba

Tsakanin kangon fili da shagon da ke ciniki akwai takardu iri uku: ta filin, ta izinin gini, da ta sana'a. Kowace da ofishinta, kuma wata ba ta tsayawa a madadin wata. Da yawa daga cikin waɗanda hukuma ke shafa wa bango jan fenti, alamar a tsayar da aiki, suna da takardar fili mai kyau a aljihu, sai suka ɗauka ita ce ta ba su izinin aza birgi.

Birnin Zinder an raba shi da'ira 5, kowace da ofishinta, sannan ga babbar ma'aikatar magajin gari a samansu. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantoma ne ke riƙe da birnin, amma ofisoshin filaye da na gine-gine suna nan da aikinsu. Ka fara sanin da'irar da filinka ya faɗa, don kar ka yi ta kai da kawo a banza.

Filin ne wurin da ya fi cancantar ɓata lokaci. In a cikin lotisma yake, wato inda hukuma ta riga ta yanka filaye da hanyoyi, takardarsa ita ce akt da sesiyon. A jikinta za ka ga sunan lotisman, lambar ilo, wato rukunin filayen da hanyoyi suka kewaye, harafin filin, da faɗinsa, galibi murabba'in mita 300, 400 ko 600. Kar ka miƙa ko dala sai ka kai kwafin takardar ofishin filaye na ma'aikatar magajin gari an buɗe rajista an duba: sunan wa ke kan wannan ilo da wannan harafi yau? Takardar jabu da hatimi mai kyau ba ta da wuyar samu, kuma fili ɗaya kan tashi da masu shi biyu ko uku. Ka roƙi a nuna maka taswirar lotisman kanta. Nan ne za ka gane in abin da dillali ke kira fili wuri ne da aka ware wa makaranta, kasuwa, maƙabarta ko hanya. Irin wannan ko shekara goma ka yi a kansa, ranar da aka tashi aikin, kai ne za ka tashi.

Daga nan ka ɗauki jeyomet, mai awon fili, ku je wurin da ƙafa. Ana neman borni huɗu, ƴan turakun simintin da ke kusurwoyi. In an samu uku, ko an ga ɗaya a kwance, kar a yarda da “nan yake” na maƙwabci ko na dillali, a sake awo daga kusurwar ilon. Rabin mita da aka ci na hanya ba ya ganuwa a ido, amma ya isa a sa ka rushe bango gaba ɗaya. Bayan an yi ciniki a gaban shaidu, ko a gaban noter, mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, in da hali, ka kai takardar a juya ta zuwa sunanka. Masu saye da yawa kan tsallake wannan don gudun kuɗin juyin, sai izinin gini ya zo ya maƙale saboda sunan da ke kan takarda ba na mai nema ba ne.

Gonakin bakin gari, ta hanyar Mirya, ta Tanut ko ta Magarya, hukuncinsu daban. Takardar shaidar mallakar gado da hukumar filaye ta Kofo ke bayarwa tare da mai gari tana tabbatar da cewa gonar ta wane ce. Ba ta ce an yanka wurin don gini ba. Ranar da lotisma ya iso, hanya na iya bi ta tsakiyar ɗakinka. In kuma filin na magada ne, ka nemi takardar rabon gado da sa hannun kowane magaji, har da mata da waɗanda ke ci-rani. Wanda ke da niyyar neman bashin banki wata rana, ya ci gaba har ya samu titir fonsiye, takardar mallaka ta dindindin, a ma'aikatar haraji, don ita ce takardar da ta fi kowace ƙarfi.

Kafin a zana komai, ka duba ƙasar. Damagaram gari ne na dutse da tabkuna. A sa lebura ya gina rami mai zurfin mita ɗaya a kusurwa biyu. In diga ta fara tartsatsi tun ba a kai gwiwa ba, harsashi ya huta, amma ramin masai zai ci kuɗin da ba ka yi zato ba, sai a saka shi cikin lissafi tun yanzu. In kuwa abin da ke fitowa baƙar ƙasa ce mai leda da tsumma, tsohon tabki ne ko juji aka cike, kuma harsashi sai ya sauka har ƙasa ta asali. Filin da ka gani a watan Maris, ka koma ka gan shi a Agusta da safe bayan an kwana ana ruwa. Ka dubi gindin katangun maƙwabta: layin danshi da farin gishirin da ke jikinsu zai gaya maka inda ruwa ke kaiwa.

Sai izinin gini. Dokar tsara birane ta 2017 da dokar gine-gine da gidaje ta 2018 su ne ginshiƙin abin, kuma a ma'aikatar magajin gari ake ajiye dosiye, wato tarin takardun neman izinin. Abin da ake haɗawa: takardar neman izini mai tambur, kwafin takardar fili da aka buga wa hatimin tabbaci, kwafin katin ɗan ƙasa, da zanen gini. Zanen ya nuna inda filin yake a unguwa, inda ginin zai zauna a cikin filin, tsarin ɗakuna, fuskar gini, da ramin masai da mafitar ruwa. A haɗa da bayanin kayan da za a yi amfani da su da kiyasin kuɗi. In bene ne, ko kana tunanin aza bene nan gaba, sai da lissafin injiniya na ƙarfe da kankare. Yawan kwafi da kuɗin da ake biya, ka tambaya a ofishin ranar da za ka haɗa, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi na hukuma, ka karɓi kitansi da shaidar ajiye dosiye mai kwanan wata. Kuɗin da aka ba wani a bakin ƙofa don “a hanzarta” ba ya barin shaida.

Ka rubuta gaskiyar abin da za a yi da ginin. Shago ne, ka ce shago. Masu duba dosiye, daga na tsara birane zuwa na tsafta da ƴan kwana-kwana, ba ido ɗaya suke yi wa gidan kwana da wurin da jama'a za su riƙa shiga ba. Abubuwan da ke mayar da dosiye baya sanannu ne: matakala ko baranda da ta fita kan hanya, indararo da ke zuba a filin maƙwabci, taga mai leƙa tsakar gidan wani, masai kusa da rijiya. Tazarar masai da rijiya kar ta gaza mita 15.

Unguwar Birni kuwa, tsohon garin, sai da hattara. Tsohon garin da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, lungunan ƙanana ne, gidaje da yawa na ƙasa ne masu jingine da juna. Ginin siminti da ya tare hanyar ruwa a nan, bangon maƙwabci zai jiƙa. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya zube a damanar 2024 ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Ka sanar da mai unguwa kafin a sauke yashi.

In izini ya fito, a kira jeyomet ya ja igiyar layin hanya kafin a fara haƙa, kuma a bar kwafin izinin a hannun babban magini a wurin aiki. Yashi da tsakuwa da za a zube a hanya su ma suna bukatar izinin wucin gadi. A ɗaga daɓen shago kamar santimita 40 zuwa 50 sama da hanya, don in aka zo zuba kwalta hanya tashi take yi. Birgi mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowace murabba'in mita na bango. Buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da birgi mai kaurin santimita 15 guda 30 zuwa 35. Mai bugun da ya ce zai fitar maka da 50 yashi yake sayar maka, ka murza gefensa da yatsa ka gani. Kankaren ginshiƙi buhu 7 ne na siminti a kowace mita kubik. A shayar da birgi da kankare safe da yamma na kwana 7, kuma da yake ruwan famfo kan yi wuya a Damagaram lokacin bazara, a tanadi tanki ko a yi ciniki da mai kawo ruwa kafin ranar zubi.

Takardun sana'a su ne masu sauƙi. Rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ana neman su ta ofishin Maison de l'Entreprise. Allon talla da rumfar da ta fito gaban shago suna da harajinsu a ma'aikatar magajin gari, kuma izinin rumfa aro ne, ana iya janye shi. Gidan mai, wurin sayar da gas, gidan burodi da kantin magani kowanne na bukatar ƙarin izini daga ma'aikatar da ke kula da fanninsa, a nema tun kafin a zuba harsashi.

In duk da haka ka wayi gari an shafa jan fenti an bar sammaci, a tsayar da aiki a ranar. Kar a goge fentin, kar a ci gaba da dare. Ka ɗauki takardar fili, zane da kitansi ka je ofishin da ya kira ka. Matsalar rashin izini kaɗai ana iya gyara ta da tara da sabon dosiye, amma abin da ya hau hanya sai an rushe shi, kuma layi uku na birgi sun fi bango mai rufi arhar rushewa.