Yadda Ake Ɗaukar Hoton Namun Daji a Yankari

Zuwana na farko Yankari na dawo da hotuna sun fi ɗari uku, amma da na zauna dubawa, abin da na tarar shi ne ciyawa, rassan itace, da bayan wata ɓauna tana shigewa duhuwa. Kyamarar ba ta yi laifin komai ba. Ni ne na tsaya lalube-laluben maɓallai a lokacin da dabbar ke tsaye tana kallona. Naman daji ba amarya ba ce da za ka ce ta gyara tsayuwa ta ɗaga haɓa. Sakan biyar ko goma zai ba ka, wani lokaci ma ba su kai ba, saboda haka yawancin aikin hoton ana gama shi ne tun dabbar ba ta fito ba. Ga yadda nake yi yanzu.

Mataki na farko: zaɓi watan tafiya

Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A daji mai wannan girma, idan ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi warwatsewa suke yi, ga ciyawar damina ta fi mutum tsayi. Ka je a watan Agusta, hoton ganye za ka ɗauko.

Lokacin da ya dace shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, komai ya dawo bakin kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin. Babbar giwa tana shan fiye da lita 100 na ruwa a rana, ka ga ba za ta yi nisa da kogi ba. Sai dai ranin ma iri biyu ne. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗi, amma hazo yakan dusashe launi ya mayar da sama kamar toka. Maris da Afrilu zafi ne mai gasa mutum, amma a lokacin ne dabbobi suka fi matsowa ruwa. In hoto ne ya kai ka, ka daure ka zaɓi zafin. Kuma ka ware aƙalla kwana biyu ko uku a sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, domin fita ɗaya caca ce.

Mataki na biyu: kayan da za ka ɗauka

Kuɗinka ka zuba su a gilashin kyamara kafin jikinta. Tsohuwar kyamara da dogon gilashi ta fi sabuwa dal da gajere. Mafi ƙarancin abin da zai yi maka aiki shi ne mai kaiwa milimita 300, irin su 70-300 (yawan lambar, yawan janyo abin da ke nesa). In ka samu 100-400 ko 150-600, ko da aro ne ko haya, to ka huta, musamman kan tsuntsaye, waɗanda Yankari ke da nau'insu fiye da 350. Wayarka ta ishe ka ɗaukar faɗin daji da abokan tafiya.

Ƙafar kyamara mai uku ba ta da amfani a cikin mota, sai cin wuri. Abin da ya fi ta shi ne 'yar jaka ta yadi, ka kai wa tela ya ɗinka maka da zif, ka cika ta da wake ko shinkafa kamar mudu ɗaya. Ka aza ta a bakin taga ko kan ƙarfen mota, ka kwantar da gilashin a kai. Ba ta motsi, ba ta ƙara, in ka dawo gida kuma a dafa waken.

Sai batir biyu ko uku, memori fiye da ɗaya, 'yar roba mai hura iska ta kakkaɓe ƙura, da tsumma mai laushi na goge gilashi. Ka riƙe rigar filo ka riƙa rufe kyamarar da ita in mota na tafiya. Kada ka kuskura ka sauya gilashi a tsakiyar daji. Ƙura ɗaya in ta sauka a cikin kyamara, za ka ga ɗigonta a kowane hoto har ka dawo.

Batun tufafi kuwa, bar farin yadi mai sheƙi a gida. Sa ruwan ƙasa ko kakin soja, mai dogon hannu. Ka guji shuɗi da baƙi, domin su tsando ya fi bi, kuma cizonsa sai ya sa ka saki kyamara.

Mataki na uku: saita kyamara tun kana ɗaki

Nan ne gaɓar da na faɗi a zuwana na farko, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kyamara ido ce da ke ƙyaftawa. Abu uku ne ke yanke yadda hoto zai fito: saurin ƙyaftawar, girman ƙofar da haske ke shiga, da ISO, wato ƙarfin jin haske. A hoton dabba, saurin ƙyaftawa shi ne sarki. Juya maɓallin sama zuwa S in Nikon ko Sony kake riƙe da ita, ko Tv in Canon ce. Wannan ya ba ka ikon zaɓen sauri, ita kuma ta daidaita sauran.

Dabbar da ke tsaye ko tana kiwo, 1/500 ya isa, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyar na sakan. Wadda ke tafiya ko 'ya'yan bika na wasa, 1/1000. Tsuntsu a sama ko gwanki a guje, 1/2000 zuwa sama. Ni a 1/1000 nake barin tawa duk lokacin da mota ke tafiya, domin abin da zai ɓullo ba ya sallama. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida ta masu hoto: kada saurin ya gaza tsawon gilashin. In kana kan milimita 400, kada ka sauka ƙasa da 1/400 matuƙar a hannu kake riƙe da ita, in ba haka ba rawar hannunka kaɗai ta isa ta ɓata hoton.

ISO ka bar shi ya sarrafa kansa, ka sa masa iyaka a 3200 ko 6400. Mutane na tsoron ISO mai yawa saboda tsaki-tsakin da yake kawowa. Hoto mai tsaki ana iya gyara shi a kwamfuta, amma wanda ya fito dishi-dishi saboda motsi sai shara. In kana son ka riƙe ƙofar haske da kanka, f/5.6 yana narkar da bayan dabba ya fito da ita ita kaɗai, f/8 kuma ya fi dacewa da garke ko giwar da ke kusa, don hanci da ido su fito tare.

Sannan saitin gani, wato abin da ke sa dabbar ta fito tangaran a hoto. Sa shi a wanda ke bin abu yana motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Zaɓi ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni, domin in ka bar wa kyamara zaɓi, reshen da ke gaban dabbar za ta kama. Kunna ɗauka a jere, yadda in ka danne za ta yi ta harbawa. Kashe filasha, kashe ƙarar ƙit-ƙit. In kyamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi, shi ne ke ba ka damar dawo da launin da hazo ya cinye.

Mataki na huɗu: fita da wuri, ka shirya da direba

Da sanyin safiya ake kama fara. Kana idar da Asuba ka kimtsa, ka shiga motar farko. Sa'o'i biyu na farko bayan fitowar rana, da kuma daga La'asar zuwa faɗuwar rana, su ne lokacin da haske ke zuwa ta gefe, ja-ja, yana fito da gashin dabba da tamojin fatar giwa. Da tsakar rana dabbobi na inuwa, haske na dukan ka, idanu sun zama ramuka baƙaƙe, ga kawalwalniya tana karkaɗa duk abin da ke nesa, komai tsadar gilashinka. Wannan lokacin ka tafi ka yi wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina.

Ba a shiga dajin sai da ɗan jagora, kuma shi ne rabin sa'arka. Kafin a tashi ka gaisa da shi da direba, ka gaya musu hoto ka zo ɗauka. Roƙo biyu nake yi kullum: “Malam, don Allah in mun tsaya a kashe mota,” domin karkarwar inji tana bi ta ƙarfe ta shiga gilashi, sannan a tsaya yadda rana za ta kasance a bayana. In da hali ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota ku kaɗai. Motar da ta cika da 'yan makaranta masu ihu ba ta jiran kowa.

Mataki na biyar: in dabba ta fito

Ɗauki ɗaya nan take, ko ya ya yake, don kada ka tashi a tutar babu. Bayan nan sai ka nutsu ka gyara.

Ɗora ɗigon saiti a kan ido. In ido ya fito tangaran, an yafe wa sauran jiki. In bai fito ba, hoton ya mutu ko da kowane gashin wutsiya ya fito. Jira ta juyo har ka ga ɗan ƙyallin rana a cikin ƙwayar idon. Ka sauko ƙasa gwargwadon yadda motar ta ba ka dama, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙanƙantar da dabba, gadu ya koma kamar ɓera. Kada ka dasa ta a tsakiya kamar hoton fasfo. Bar fili ta gefen da take kallo ko take nufa. Duba bayanta ma, kada itace ya tsiro daga kanta. Sau da yawa matsar da mota taku biyu ya isa. Kuma kada ka yanke ƙafafu a gwiwa: ko ka ɗauko ta duka har kofato, ko ka matso kan fuska sosai.

Haske yakan ruɗi kyamara. Tsuntsu a kan reshe, bayansa farin sama, zai fito baƙi ƙirin in ba ka ƙara haske da +1 a maɓallin +/- ba. Balbela kuwa rage mata za ka yi da kamar -1, in ba haka ba farinta ya ƙone, gashin ya ɓace.

Sai abin da ya fi duk waɗannan wuya, wato zama. Yawancin masu ziyara suna tsayawa minti ɗaya, a ɗauka, a ce direba mu je. Hoton da ake ratayewa a bango yana zuwa ne a minti na ashirin, lokacin da dabbar ta manta da ku: carki ya sauka a hancin ɓauna, dorina ta wage baki, gwambaza ya ɗago kai ruwa na ɗiga daga leɓensa, burtu ya wurga ƙwaro sama ya cafe. Ka koyi karanta alamu. Tsuntsu yakan ɗan durƙusa, sau da yawa ya yi kashi, kafin ya tashi, kuma yana tashi ne yana fuskantar iska. In ka ga mazo ya daina kiwo ya kafe kunnuwa wuri guda, kalli inda yake kallo.

Game da giwa da zaki, gara ka ji tun yanzu. Giwayen Yankari na cikin garke mafi girma da suka rage a Najeriya, amma suna yawo, ana iya kwana uku ba a gan su ba sai kashi da sawu. Zakunan kuwa 'yan kaɗan ne, ganinsu sai mai rabo. Raƙumin dawa da jakin dawa ba a nan ake nemansu ba, sai gandun namun daji na Sumu, can wajen Ganjuwa a jihar Bauchi. Wanda ya ƙwallafa rai kan zaki kaɗai zai wuce kanki da jan biri da kada bai ɗauka ba.

In Allah ya haɗa ka da giwa, kada ka sauka daga mota, kada ka yi fito ko tafi don ta juyo. Kaɗa kunnuwa a hankali fifita ce take yi saboda zafi. Amma in ta baje su ta sandare, ta ɗaga kai tana girgizawa, gargaɗi ne, ka ajiye kyamara a ja da baya. Uwa mai ɗa, da toron da ruwa ke tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, a ba su hanya tun daga nesa. Gai da kura ba aikin akuya ba ne.

Wanda waya kaɗai gare shi

Kada ka ja hoto da yatsu biyu har ƙarshe, farfashewa yake yi. Tsaya a lambobin da wayar ta nuna da kanta, kamar 2x ko 3x. Ɗauki dabbar cikin muhallinta, garken ɓauna da kogin da giginyu, ko ka yi bidiyo, wanda waya ta fi gwaninta a kai. In kana da madubin hangen nesa, manna idon wayar a bakinsa, da ɗan haƙuri yana aiki. Wurin gwajinka kuma yana nan cikin sansanin Wikki, inda bika da gadu ke yawo tsakanin ɗakuna. Sai dai ka rufe ƙofa da taga, kada ka riƙe leda a hannu, domin bikan nan sun san abin da ake sawa a leda, kuma ba roƙo suke yi ba.

Mataki na ƙarshe: da dare

Kowane dare ka kwafe hotunan zuwa kwamfuta ko waya, ka bar na memori yadda suke har ka isa gida. Sa batir a caji da zarar an kawo wuta, ka hure ƙurar gilashi kafin ka goge, don kada yashi ya karce shi. Kada ka yi ta share hotuna a ƙaramin allon kyamara, yana ɓoye mai kyau ya ƙawata maras kyau. Bari sai ka ga babban allo.

Kafin ka sa hoton giwa ko zaki a Facebook ko Instagram, kashe alamar wuri a wayarka, kuma kada ka rubuta daidai mashayar da kuka gan su ko ranar. Masu farautar haure ma suna da waya. Rubuta “Yankari” kawai ya wadatar.